Ƙanena ya kashe kansa, mun ɓoye wa mutane: wa zan kai wa kukana?

Yayar Auta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina rubuta wannan saƙo ina gogewa, amma yau na ƙudurta zan bar shi yadda ya fito. Wata takwas ke nan da rasuwar ƙanena, autanmu, yana da shekara 26 a duniya. Duk wanda ya zo mana ta'aziyya an gaya masa gajeriyar rashin lafiya ya yi, kuma har yau a kan haka mutane suke. Gaskiyar magana ita ce shi ya kashe kansa. A dangi mu huɗu ne kawai muka sani: ni, da Umma, da babban yayanmu, da ƙanin mahaifinmu wanda ya tsaya a kan komai a ranar. Tun a daren Yaya ya ce maganar ta mutu a tsakaninmu, ni kuma ban yi musu ba, domin a lokacin abin da nake so ke nan. Ko mijina ban gaya wa ba.

Abin da ban hango ba shi ne yadda wannan ɓoyo zai rufe mini kowace ƙofa. Mutum zai riƙe hannuna ya ce Allah Ya sa ciwon da ya yi ya zama kaffara, sai in ce amin, zuciyata kuma tana gaya mini ƙarya nake amsa wa amin. Ana yi mini ta'aziyyar wata mutuwa ce daban, ba wadda ta same ni ba, shi ya sa duk yawan masu cewa sai haƙuri ban taɓa jin maganar ta kai inda ciwon yake ba. Umma ta daina ambaton sunansa kwata-kwata, ta rufe ɗakinsa, kuma idan na fara maganarsa sai ta miƙe ta bar wurin. Yaya kuwa ya koma aikinsa kamar babu abin da ya faru.

Kwana biyu kafin rasuwarsa ya kira ni ina tsakiyar aiki, na ce zan neme shi daga baya. Washegari na kira shi, muka yi magana ta minti huɗu, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, har ya yi dariya, ban ji komai a muryarsa ba. Na san ya rasa aikinsa watanni kafin nan, na san ya rage fita, barci ma ya ƙaurace masa, amma na ɗauka abu ne mai wucewa. Yanzu waɗannan minti huɗu nake juyawa kowane dare, ina neman kalmar da ya kamata in ji ban ji ba. Wani lokaci kuma fushi ne yake taso mini, in ji kamar in kama shi in girgiza in tambaye shi yadda ya iya yi wa Umma haka, daga baya sai kunya ta rufe ni, domin wa yake fushi da mamaci?

Tambayoyina ke nan. A ina mutum irina yake samun wanda zai saurare shi ba tare da ya yanke wa ƙanena hukunci ba? Abin da nake ji alhini ne da kowa yake yi, ko kuwa ciwo ne da yake bukatar likita? Ya halatta in ci gaba da roƙa masa gafara? Sannan 'yata mai shekara tara ta fara tambayata wane irin ciwo ne ya kashe Kawu, ni kuma na rasa abin da zan ce mata.

Baban Yara:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah Ya jiƙan ƙanenki, Ya ba ku juriyar wannan rashi. Zan kira ki 'yata domin ɗana da na rasa ta wannan hanya, da yana raye da ya kai sa'anki ko ya girme ki. Shekara 11 ke nan.

Mu ma mun ɓoye, kuma shekara uku na yi ina ɗauke da labari biyu, ɗaya na mutane ɗaya nawa. Ba zan ce yayanki ya yi laifi ba, domin a daren da abin ya faru babu wanda yake cikin hayyacinsa, kuma abin da yake gudu abu ne na gaske: tsegumi, da nuna gida da yatsa, da masu yanke wa mamaci makoma tun kafin a kai shi makwancinsa. Sai dai shawarar da aka yanke a dare ɗaya cikin ruɗewa ba dole ba ce ta mallaki sauran rayuwarki. Akwai bambanci tsakanin a ce duniya ba ta da haƙƙin sanin sirrin gidanku, wanda gaskiya ne, da a ce ke ba ki da haƙƙin samun ko mutum ɗaya da zai san abin da kike yi wa kuka.

Ni da mutum ɗaya na fara, wani aminina tun ƙuruciya. Na zaɓe shi ne saboda na shaide shi da riƙe baki, kuma ba mai saurin wa'azi ba ne. Kafin in faɗa masa sai da na gindaya masa sharaɗi: na ce zan gaya maka wani abu, ba shawara nake nema ba, ba na son ka tambaye ni yadda ya yi, so nake kawai ka sani. Da na faɗa, ya yi shiru na tsawon lokaci, sannan ya ambaci sunan yaron ya yi masa addu'a. Ranar ce aka fara yi mini ta'aziyya. Ina ba ki shawara ki yi amfani da irin wannan sharaɗi, domin yawancin mutane ba mugunta ce take sa su faɗi abin da yake yi wa mutum ciwo ba, rashin sanin abin faɗa ne, kuma idan kika nuna musu abin da kike bukata sai su sami sauƙi su ma.

Daga baya na sami zama da wasu da aka yi wa irin wannan rashi. Da farko ta intanet ne, bayan nan muka riƙa haɗuwa mu biyar sau ɗaya a wata, kuma ƙa'idarmu ba ta wuce uku ba: abin da aka faɗa ya tsaya a wurin, ba a bayyana yadda mamaci ya yi, kuma wanda bai so magana ba ba a matsa masa. A wannan zama ne na ji wata uwa ta faɗi abin da na ɗauka ni kaɗai nake ji, wato fushi da ɗanta, na kuma ji wani ya ce bayan shekarun da ya yi yana fargabar kowane kiran waya na dare, akwai wani ɗan sauƙi da ya ji bayan mutuwar, kuma wannan sauƙin ya fi komai azabtar da shi. Babu wanda ya zaro ido. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan ne amfanin zama da irinki. Irin wannan zama ba sabon abu ba ne. A Birtaniya akwai ƙungiyar da take shirya shi tun 1991, a Amurka kuma majalisar dattawa ta ware rana guda a watan Nuwamba tun 1999 domin waɗanda aka yi wa wannan rashi, bisa ƙudurin Sanata Harry Reid, wanda shi ma mahaifinsa ya kashe kansa a 1972. Yanzu ana taruwa a wannan rana a ƙasashe da dama. Na kawo wannan ne don ki ga cewa har manyan mutane suna ɗaukar shekaru da yawa kafin bakinsu ya buɗe.

Game da Umma, kada ki ɗauki shirunta a matsayin mantuwa ko taurin zuciya. Ni da matata mun kusa rabuwa a kan wannan, domin ni so nake in yi ta magana, ita kuma ko hotonsa ba ta iya kallo, sai kowa yake ganin ɗan'uwansa bai damu yadda ya kamata ba. Kada ki tilasta mata, amma kada ki bari sunansa ya ɓace a gidan. Ki riƙa ambatonsa a ƙananan abubuwa, ki ce wannan abu da Auta yana nan da ya yi dariya, sannan ki wuce, ba tare da jiran amsarta ba. Matata sai bayan shekara biyu ta amsa mini irin wannan magana.

Maganar minti huɗu kuwa, ni ma ina da tawa, kuma ba zan yi miki alkawarin za ta tafi ba. Abin da ya canza a wurina shi ne na daina yi wa mutumin da nake a wancan lokaci shari'a da ilimin da ban samu ba sai bayan mutuwar. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Ma'aikaciyar Jinya:

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙansa da rahama. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zan yi magana a kan abin da ya shafi aikina, in bar na addini ga masu shi.

Zan fara da kiran wayar, domin na ga shi ne yake cin ki. A 2017 wasu masana a Amurka ƙarƙashin Joseph Franklin suka tattara bincike 365 da aka yi cikin shekara 50 a kan alamomin da ake cewa suna nuna wanda zai kashe kansa, suka tarar cewa hasashen da ake yi da waɗannan alamomi da ƙyar ya fi canki-canka. Rashin aiki, da rashin barci, da janye jiki daga mutane, abubuwa ne da miliyoyin mutane suke fama da su, kuma mafi yawansu ba sa kashe kansu. Idan likitocin da suka ƙare rayuwarsu a wannan fanni, da fayil a gabansu, ba sa iya nuna wane ne kuma yaushe, to ba adalci ba ne ki ɗora wa kanki cewa ya kamata ki gane a murya ta minti huɗu. Kuma kusan ba a taɓa samun dalili guda ɗaya tak ba. Abubuwa ne suke taruwa, ciwo da matsi da yanayin jiki da wani lokaci na tsananin ƙunci da mutum yake ganin duk ƙofofi sun rufe. Edwin Shneidman, wanda yana cikin waɗanda suka kafa wannan fanni na ilimi, ya bayyana abin a matsayin raɗaɗin zuci da ya fi ƙarfin mai shi, har ya zama abin da mutum yake nema shi ne raɗaɗin ya tsaya. Wannan ba ya nufin bai ƙaunace ku ba, kuma ba ya nufin ƙaunarku ta gaza.

Ba ku kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da 720,000 ne suke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, kusan kashi 73 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma shi ne na uku a abubuwan da suke kashe masu shekara 15 zuwa 29. A da ana cewa kowace irin wannan mutuwa tana taɓa mutum shida, amma binciken Julie Cerel ta Jami'ar Kentucky ya kai adadin waɗanda suka san mamacin zuwa kimanin 135. Saboda haka ina da yaƙinin cewa a cikin waɗanda suka zo muku ta'aziyya akwai masu ɗauke da irin sirrinku, kowa yana zaton shi kaɗai ne.

Shin alhini ne ko ciwo? Fushi, da zargin kai, da kunya, da tambayar me ya sa wadda ba ta ƙarewa, duk sanannun abubuwa ne a wannan irin rashi, kuma su kaɗai ba ciwo ba ne. Kada kuma ki auna kanki da matakai biyar ɗin nan da ake yawan yaɗawa cewa mai alhini yana bi ɗaya bayan ɗaya, domin likitar da ta fito da su a 1969, Elisabeth Kübler-Ross, a kan marasa lafiya masu fuskantar mutuwarsu ta yi bayaninsu. Abin da na fi gani a aikace shi ne wanda Margaret Stroebe da Henk Schut na ƙasar Holan suka bayyana a 1999: mai alhini yana kai-komo ne, yau yana cikin rashin tsundum, gobe yana harkar rayuwa har ya yi dariya, kuma duka biyun suna cikin warkewa. Wataƙila yayanki da ya koma aiki a wancan gefen yake fakewa.

Inda abin yake zama ciwo shi ne idan kai-komon ya tsaya, mutum ya maƙale a gefe ɗaya. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya sanya alhinin da ya ƙi sauka a jerin abubuwan da ake yi wa magani, wato idan an wuce aƙalla wata shida begen mamaci ko tunaninsa yana mamaye mutum har ya hana shi gudanar da rayuwarsa. Ba zan iya cewa kina da shi ba daga rubutu, amma wata takwas na rashin barci ya isa dalilin ganin likita. Ki fara da likitan da kika saba gani, ki faɗa masa gaskiyar yadda ƙanenki ya rasu, domin aikinsa ya wajabta masa riƙe sirri, sannan ki nemi ya tura ki wurin masanin halayyar ɗan'adam ko likitan ƙwaƙwalwa. Akwai hanyar magani ta tattaunawa da Katherine Shear ta Jami'ar Columbia ta tsara musamman domin wannan, zama 16, kuma gwaje-gwaje sun nuna tana aiki. Idan wanda kika fara gani bai fahimce ki ba, ki sauya wani. Wannan yana faruwa, kuma ba laifinki ba ne.

Yarinyarki kuma, yara sukan gane ana ɓoye musu abu, sai su cike giɓin da abin da ya fi gaskiya muni, wani lokaci har su ɗora wa kansu laifi. Ba sai yau ba, kuma ba kafin mahaifinta ya sani ba, amma gara ta ji daga bakinki da ta tsinta a bakin wani. Gajeriyar magana ta isa: Kawu ya yi fama da ciwo mai tsanani a tunaninsa wanda ya hana shi ganin mafita, ba laifin kowa ba ne, irin wannan ciwo ana maganinsa, kuma duk ranar da ta ji baƙin ciki ya yi mata yawa ta zo ta gaya miki. Kada ki bayyana mata yadda ya yi. Ki amsa abin da ta tambaya kawai, za ta dawo da wata tambayar idan ta ƙara girma.

Yanzu zan yi miki tambaya kai tsaye, kuma ba don na raina imaninki ba. Wani bincike da Alexandra Pitman ta jagoranta a Birtaniya a 2016, a kan matasa 3,432 da aka yi wa rashi, ya nuna cewa waɗanda nasu ya kashe kansa sun fi waɗanda nasu ya yi mutuwar fuju'a ta rashin lafiya yiwuwar yunƙurin kashe kansu su ma. Shi ya sa muke tambayar duk wanda yake matsayinki, kuma bincike ya tabbatar cewa tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin. Shin tunanin kashe kanki ya taɓa zo miki? Idan ya zo, musamman idan har kin fara tunanin yadda za ki yi, kada ki kwana da shi: ki gaya wa wani na kusa a yau, kada ki zauna ke kaɗai, ki je sashen gaggawa na asibiti mafi kusa ko ki kira layin agaji na ƙasar da kike. Wannan tambaya ta shafi Umma da yayanki ma.

Ɗalibin Ilimi:

'Yar'uwa a Musulunci, Allah Ya gafarta wa ƙanenki. Na fara da wannan addu'a da gangan, domin ita ce amsar tambayarki ta uku.

Babu saɓani cewa kashe kai haramun ne kuma babban zunubi ne. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana, hadisan gargaɗi kuma ingantattu ne, ba za mu ɓoye su ba. Amma hukuncin aiki daban, makomar mutum ayyananne daban, kuma ta biyun ba a hannun kowa take ba. A wannan sura dai, aya ta 48 da ta 116, Allah Ya ce ba Ya gafarta a yi shirka da Shi, amma Yana gafarta abin da bai kai wannan ba ga wanda Ya so. Aƙidar Ahlus Sunna ita ce wanda ya kashe kansa bai fita daga Musulunci ba.

Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya kamata duk mai irin rashinki ya sani. Ɗufailu ɗan Amru Addausi ya yi hijira zuwa Madina tare da wani mutum daga ƙabilarsa, mutumin ya kamu da rashin lafiya, ya kasa jurewa, ya yi wa hannuwansa rauni har ya rasu. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan yanayi amma hannuwansa a rufe, ya ce masa Ubangijinsa Ya gafarta masa saboda hijirarsa zuwa ga Annabi. Da Ɗufailu ya ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wannan labari, sai ya yi addu'a ya ce: ya Allah, har hannuwansa ma Ka gafarta musu. Imam Nawawi a sharhinsa ya kafa hujja da wannan hadisi cewa irin wannan mutum yana ƙarƙashin mashi'ar Allah, wato abin da Allah Ya ga dama, ba a yanke masa wuta. To idan Annabi da kansa ya roƙa wa irinsa gafara, wa zai hana ki?

Wasu za su kawo miki hadisin da Annabi bai sallaci wani da ya kashe kansa ba. Shi ma ingantacce ne, amma mafi yawan malamai, ciki har da Imam Malik da Abu Hanifa da Shafi'i, sun tafi a kan cewa ana yi masa salla, sun kuma fassara ƙin da Annabi ya yi a matsayin tsawatarwa ga masu rai. Ƙari a kan haka, an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, kuma gwargwadon abin da ya rage na hankalin ƙanenki a wannan sa'a, Allah kaɗai Ya sani.

Abu ɗaya nake so in gyara, wanda mu masu wa'azi muke da hannu a ɓata shi, wato ma'anar haƙuri. Haƙuri shi ne kada ki yi fushi da hukuncin Allah. Bai taɓa nufin ki haɗiye ciwo ki yi shiru ba. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne wanda ya ce haƙuri mai kyau. Manzon Allah ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. Zuwa wurin likita neman magani ne, kuma an umarce mu da neman magani. Amin ɗin da take damun ki ma ki daina ganinta ƙarya, domin ƙanenki ya sha wahalar da ido ba ya gani, kuma roƙon Allah Ya sa ta zama masa kaffara roƙo ne da ya dace.

Uwar Biyu:

Ina yi miki ta'aziyya, ƙanwata. Ni Kirista ce, mijina na rasa shekara shida da suka wuce, kuma a wurinmu ma koyarwar Cocin Katolika ta 1992 ta ce matsananciyar damuwa tana iya rage wa mutum alhakin abin da ya aikata, ta kuma ce coci tana yi wa irin waɗannan mamata addu'a. Duk da haka na ji maganganu daga bakin masu zuwa ibada da ba zan maimaita ba.

Na yarda da Baba cewa ki sami mutum ɗaya, amma ina so in ja kunnenki a kan zaɓen, domin ni na yi kuskure. Na gaya wa wata da nake ganin ta fi kowa tausayi, kafin mako ya zagayo maganar ta isa makarantar yarana. Mai yawan kuka tare da ke ba lallai ne ya zama mai riƙe baki ba. Ki duba wanda bai taɓa kawo miki sirrin wani ba. Haka zaurukan intanet, ba duka ne suke da amfani ba. Ki nemi wanda yake da masu kula da shi kuma aka hana bayyana yadda mutum ya mutu, kuma idan kika ga kina fita daga zaure da nauyin da ya fi wanda kika shiga da shi, ki bar shi. Sannan ki shirya wa ranar da zai cika shekara tun yanzu, ki san inda za ki kasance da wanda zai kasance tare da ke. A wurina makonnin da suka gabaci ranar sun fi ranar kanta wuya.

Yayar Auta:

Baba, Anti, Malam, da ke 'yar'uwata ma'aikaciyar jinya, Allah Ya saka muku da alheri. Na karanta amsoshinku fiye da sau goma kafin in iya dawowa.

Daren jiya na gaya wa mijina, kuma na yi amfani da sharaɗin Baba kalma da kalma. Ya ce tun a makon farko jikinsa ya ba shi, domin babu wanda ya taɓa faɗin sunan ciwon ko asibitin da aka kwantar da shi, amma ya ga ban shirya ba sai ya yi shiru. Ashe wata takwas muna kwana ɗaki ɗaya kowa yana tsare ɗan'uwansa daga abin da duka muka sani. Yaya bai san na faɗa ba tukuna, kuma ina fargabar ranar da zai ji. Mun yanke shawarar za mu zauna da yarinyar tare, amma sai bayan na ga likita, wanda zan gani ranar Alhamis.

Malam, bayan sallar asuba na roƙa masa gafara da sunansa, da ƙarfi, a karon farko ba tare da jin kamar sata nake yi ba. Ina so in karanta wa Umma hadisin Ɗufailu, sai dai ban san ta inda zan fara ba tunda ba ta yarda a ɗauko maganar.

Tambayarki kuma, 'yar'uwa, zan amsa da gaskiya tunda da gaskiya kika yi ta. Ban taɓa tunanin yi wa kaina wani abu ba, kuma ba ni da niyya. Amma akwai dararen da nake kwanciya ina fatan kada gari ya waye da ni. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, kuma ban sani ba ko yana cikin abin da kike nufi.

Ma'aikaciyar Jinya:

Yana ciki, kuma na gode da kika faɗa. Mutane da yawa masu irin rashinki suna jin haka, ana kuma samun sauƙinsa, amma ba abin da za ki riƙe ke kaɗai ba ne. Ki gaya wa mijinki wannan jimla yau, yadda kika rubuta ta, sannan ki rubuta ta a takarda ki miƙa wa likita ranar Alhamis tun farkon zama, domin da yawa sukan bar irinta sai sun miƙe za su fita, wasu kuma su fita da ita. Idan kafin ranar fatan ya fara komawa niyya, kada ki jira Alhamis, ku tafi asibiti a daren. Batun Umma kuma, ki tambaye ta izini tukuna, ki ce kin ji wani hadisi da ya sanyaya miki zuciya game da Auta, ko tana so ta ji. Idan ta ce a'a, ki ce mata yana nan duk ranar da ta so.